Goggo Wilma da Kek Ɗin Mai Asibiti

A garinmu Tolliver, idan ka hango Goggo Wilma ta doso ƙofarka da tasa a hannu an rufe da ƙyalle, to ka yi sauri ka tuna abin da kake da ikon yi amma ba ka yi ba, domin shi ya kawo ta. Ba za ta faɗa a ranar ba. Za ta miƙa maka kek ɗin tuffa mai ɗumi, ta tambayi iyali, ta juya abinta. Sai ka cinye, ka kife tasar za ka wanke, ka ga ɗan salatif manne a gindinta an rubuta: "Wilma Sadowski. A dawo da ita hannu da hannu."

A wajenmu ba a riƙe tasar mutum. Kana iya aron tsaninsa ka shekara uku ba ka mayar ba, babu mai cewa komai. Amma tasa sai ta koma a wanke, kuma wanda ya ci shi zai kai da ƙafarsa. In ka kai, ta ce shigo ka sha kofi. Ka zauna a kujerar kicin mai fuskantar taga, cikinka cike da tuffarta, sannan ta goge hannu ta ce, "Dama akwai wata 'yar magana."

Da wannan tasar aka sa mana danja a gaban firamare. Da ita aka rage wa'azin fastonmu daga awa guda zuwa minti ashirin da biyar, ko da yake shi sai da ya ci biyu. Kawu Vernon ma haka ta same shi: shekara hamsin da uku da suka wuce ya kawo tasa, aka ce ya shigo ya sha kofi, har yau bai fita ba.

Ni Gordon, ɗan ƙaninta ne, kuma ni ke raba wasiƙu a garin shekara ashirin da shida ke nan. Ita kuwa shekara talatin da takwas ta yi tana dafa wa yaran firamare abinci kafin ta yi ritaya. Duk wani mai furfura ko mai saje a Tolliver, daga ɗan sanda har mai jana'iza, ta taɓa tsayawa a kansa sai ya cinye karas ɗinsa. Shi ya sa har yanzu in ta shigo shago sai ka ga ƙatti sun gyara tsayuwa.

Abu ɗaya ne Allah bai ba ta ba, tuƙi. Tana da mota, tana da lasisi, kuma babu wanda ya san yadda aka yi ta same shi, sai dai an ce mai gwajin ya taɓa kai tasa. Ba ta wuce mil ashirin a awa. Siginarta ta hagu a kunne take tun zamanin da aka sayi motar. In babbar mota ta taho daga gaba, sai ta rufe ido ɗaya ta kama waƙar coci.

Asibitinmu gado arba'in ne, kakanninmu masu haƙar gawayi suka gina shi da kuɗin aljihunsu. Shekara biyu da suka wuce muka wayi gari aka ce an sayar da shi. Masu sayen irin kamfanonin nan ne da ke tattara kuɗin masu kuɗi su sayi abu, su tatse shi, su ƙara gaba. Kawu Vernon ne ya yi mana bayani a shagon aski.

"Ka ga motarka? Za su saya, su sayar da tayoyin, sannan su ba ka hayar tayoyin duk wata."

"To in na kasa biya fa?" in ji mai aski.

"Sai a ce motar ba ta kawo riba, ai ba ta tafiya."

Goggo ba ta shiga wannan zance ba. Ita abin da ta ji shi ne an yi sabon mai asibiti, kuma baƙo in ya zo gari ana kai masa kek. Ta gasa, ta sa rigarta ta Lahadi, ta nufi ofishin Mista Dressler, sabon manajan da aka turo, wani ɗan siriri mai yawan murmushi kamar yana talla.

"Ga wannan na mai asibiti ne. Kai ne?"

"A'a Madam Sadowski, ni manaja ne kawai. Amma ki ajiye, zan isar."

"Ka isar wa wa?"

Murmushin ya ɗan karkace. "Wa… sama."

"Ɗana, saman yana da suna?"

Ya ce zai bincika. Ta ɗauki tasarta ta fito, domin kek ɗin mai gida ba a ba yaron gida. Kek kuwa ba ya wuce kwana uku. Kawu Vernon ga ƙoda ga suga, likita ya hana shi ko lasa. Saboda haka sai aka kira ni. Na yi biyayya, ni mutum ne mai zumunci.

Bayan nan kusan duk wata sai ta sake gasawa ta leƙa ko mai asibiti ya iso. Bai iso ba. Ni dai na ƙara huji biyu a bel.

Ana cikin haka aka rufe ɗakin wankin kaya, aka rage ma'aikatan jinya, aka fara karɓar kuɗin ajiye mota a filin da kakana ya share da hannunsa. Duk muka yi gunaguni muka haƙura. Sai ranar wata Litinin a watan Afrilu, Kawu ya je wankin ƙoda ya tarar da takarda a ƙofa: za a rufe sashen a ƙarshen watan Yuni, masu jinya su nemi wuri a asibitin birni.

Asibitin birni mil saba'in ne, kuma sai ka haye dutse mai hanya mai kwana-kwana har goma sha ɗaya, wanda ƙanƙara ke rufewa rabin hunturu. Kawu yana wanki sau uku a mako, awa huɗu kowane zuwa. Yanzu taku ɗari uku ne daga gidansa zuwa kujerarsa ta gefen taga, inda yake zama ya yi wa masu wucewa sharhi. Idonsa ya daina ganin hanya, ni ina bakin aiki, saura Goggo da siginarta.

"Ba za ni ba," in ji Kawu a kicin. "Gara ƙodar ta kashe ni a gadona da matar nan ta kashe ni a kwana na bakwai."

"Rufe mana baki, tsoho. Wa na taɓa bugewa?"

"Ba ki buge kowa ba, don duk gari sun san ƙarar motarki."

Muka yi dariya, amma da na dube shi na ga da gaske yake. Ya ce ba za a sayar da gida a kai shi birni ya mutu a bene hawa na tara ba, kuma ba zai hau dutsen nan sau shida a mako ba. In an rufe, an rufe. Kowa a kicin ɗin ya san kwana nawa mutum ke yi in ya daina wanki.

Goggo ta miƙe ta kunna tanderu.

"Gordon, kai ne ɗan gidan waya. Kowane mutum yana da adireshi. Nemo mini na mai asibitin nan."

Na nemo, sai dai abin da na samo ya fi ƙarfina. Gadaje da ma'aikata na wani kamfani ne mai suna Tolliver Na Ɗaya. Gini da fili na Tolliver Na Biyu ne, kuma Na Ɗaya yana biyan Na Biyu haya. Su biyun mallakar wani na uku ne, wanda lambar wayarsa in ka kira sai a sa maka kiɗan fiyano a ce kiranka yana da muhimmanci. Goggo ta saurari kiɗan nan kwana huɗu, har Kawu ya haddace yana fito da shi a banɗaki. Amma akwai adireshi: ɗaki na ɗari huɗu, wani gini a jihar Delaware.

"Yauwa. Ɗauki hutu ranar Alhamis."

"Goggo, irin wannan adireshin ba gida ba ne."

"Kai dai tuƙa."

Awa bakwai muka yi, tasa a kan cinyarta, ta ɗaura mata bel tare da ita. Ta sa rai za ta ga bene mai taɓa gajimare. Muka tarar da wani ɗan gini kamar kantin magani, a ciki mace ɗaya ce zaune tana cin gyaɗa, sunanta Charmaine a rubuce a ƙirjinta.

"Sannu 'yata. Ɗaki na ɗari huɗu muke nema."

Charmaine ta juya kujera, ta ja wata durowa. "Ga shi, Mama."

Goggo ta sunkuya ta leƙa. Ambulan uku ne a ciki da wata roba.

"Sun fita cin abinci ne?"

"Mama, kamfani dubu goma sha ne a ɗakin nan. Shekarata tara ina zaune, ban taɓa ganin ƙeyar ko ɗaya ba. Wasiƙa ta zo in tura ta wata durowar a wani gari."

"To can akwai mutum?"

"Akwai wata irina, sunanta Denise. Muna gaisawa a waya."

Goggo ta tsaya tana duban durowar, tana duban tasar, kamar mai auna ko za ta shiga. Charmaine kuwa hancinta ya riga ya kama ƙamshin kirfa, ta ce in ana so ita za ta iya karɓa a madadinsu, ai aikinta ke nan. Goggo ta ce Allah ya yi mata albarka, amma a'a. Sai dai ta buɗe jaka ta ba ta lemo guda, ta ce gyaɗa ba abincin rana ba ce.

A hanyar dawowa muka wuce gari uku tana rungume da tasar. Can ta ce, "Gordon, in mutum zai rufe wa mijina ƙofa, ai ya kamata a ce yana da fuska. Ko ba zai fasa ba, in gan shi dai."

Na ci gaba da tuƙi. Kek ɗin ma ranar da ƙyar na ci rabi.

Mako na gaba ina jera wasiƙu sai na ci karo da sanarwa daga majalisar dokokin jiha. Akwai ƙudirin doka da ya ce duk kamfanin jari da ya sayi asibiti sai ya bayyana sunayen masu shi har sama, kuma ba zai rufe wani sashe ba sai ya ba da sanarwar wata shida, babban lauyan jiha ya duba ya yarda. Ƙudirin ya shekara biyu kwance a kwamiti. Shugaban kwamitin, Sanata Lindqvist, ba ƙi ya yi ba, ba kuma so ya yi ba, yana dai zaune a kai kamar kaza a kan ƙwan da ba nata ba. Za a yi zaman jin ra'ayin jama'a, kowa minti uku. Kuma lauyan kamfanin zai zo.

"Lauyansu? To ai shi ya san mai biyansa," in ji Goggo.

Matsalar ita ce minti ukun. Goggo ba ta taɓa gama gaisuwa a minti uku ba. Muka ɗauko agogon dafa ƙwai muka shiga gwaji a kicin, Kawu shi ne sanata. Gwajin farko agogo ya buga tana kan yadda kakanta ya sauka daga jirgin ruwa. Na biyu ta iso bikin aurenta.

"Mai shaida ta zauna," in ji Kawu yana buga cokali. "An riga an rufe asibitin, an mai da shi wurin wankin mota."

"Sanatan banza, ko wuyan riga bai iya gyarawa ba."

Ranar zama muka tarar da zaure cike. A gaban mai magana akwai 'yar fitila: kore ka fara, ruwan ɗorawa ka tattara, ja ka zauna. Lauyan kamfani, Mista Whitcomb, ya riga mu. Kwat ɗinsa kaɗai ta isa ta sayi motata. Ya yi magana mai santsi a kan yadda jarinsu ya ceci ƙananan asibitoci, da yadda doka za ta kori masu kuɗi daga jihar. Ya gama daidai lokacin da fitila ta zama ja, kamar shi ya haife ta.

Aka kira Wilma Sadowski. Ta tafi da tasa, ta ajiye a kan tebur, ta yaye ƙyalle. Ƙamshi ya tashi. Na ga wani sanata da ke gyangyaɗi ya farka. Duk abin da muka haddace a kicin ta watsar.

"Ni ba jayayya na zo ba. Na gasa wa mai asibitinmu kek, wannan shi ne na goma sha tara. Na je ofis aka ce yana sama, na je Delaware aka nuna mini durowa. Mijina yana wankin ƙoda, an ce za a rufe ƙarshen Yuni. Ga lauyansu nan. Ɗana, wa zan ba?"

Ta juya ta fuskanci lauyan. Fitila tana kore, saura mata minti biyu da rabi, ta bar su a haka tana kallonsa. Irin kallon karas ɗin nan.

Sanata Lindqvist ya gyara tabarau. "Mista Whitcomb, ko za ka taimaka wa baiwar Allah?"

"Sanata, masu jarin suna da yawa, kuma akwai yarjejeniyar sirri."

"Ba duka take nema ba. Guda ɗaya mai baki."

"Gaskiya ni kamfani na uku ne ya ɗauke ni. Wanda ke samansa na san sunansa. Daga nan kuma…" Ya buɗe jaka ya rufe.

"Kai ma ba ka sani ba?" in ji Goggo. Tausayi ne ya kama ta. "Wayyo. Mahaifiyarka ta san haka kake aiki?"

Zaure ya fashe da dariya. Sanata ya buga guduma, ya ce ba a shigo da abinci zauren majalisa, magatakarda ya ɗauke tasar ya kai ofishinsa a adana. Sai magatakarda ya tashi da littafi a hannu ya ce akwai doka: ɗan majalisa ba ya karɓar kyautar da ta wuce dala ashirin da biyar, dole a yi wa kek ɗin kuɗi kafin ya shiga ofis. Aka shiga muhawara. Wata sanata ta ce a kanti dala goma sha biyu ne.

Goggo ta dawo gaban makirfo, fitila tana ja. "A kanti? Wannan da man shanu na gaske aka yi, tuffar daga bishiyata. A bikin coci an taɓa saye dala tamanin!"

Na ja hannun rigarta. "Goggo, in ya yi tsada ba za su iya ci ba."

Ta dube ni, ta dubi Sanata da ke haɗiyar yawu. Na ga mutunci da dabara suna kokawa a fuskarta.

"Ashirin da huɗu," ta ce da ƙyar. "Amma a rubuta cewa ragi na yi."

Aka rubuta. Yana nan a kundin majalisa.

Kwana tara babu labari. Yuni ta kama, Kawu ya fara raba kayan kamun kifinsa, ya ba ni ƙugiyoyi, ya ce sandar sai ya ga halina. Ranar Asabar da hantsi sai ga baƙar mota a ƙofar gida. Sanata Lindqvist ya fito shi kaɗai, rungume da tasa a wanke. Ashe shi ma ɗan ƙaramin gari ne. Ya ce ya so ya aiko direba, amma da ya ga salatif ɗin sai ya ji kamar marigayiya uwarsa na tsaye a bayansa.

Aka ba shi kujerar taga, aka zuba kofi. Ya sha, ya yaba kek, ya ce ƙudirin yana da sarƙaƙiya, watakila sai zama na baɗi. Goggo ta goge hannu.

"Dama akwai wata 'yar magana."

Ni da Kawu muka dubi juna. Mun zaci roƙo za ta yi. Sai ta ɗauko makullin mota daga ƙusa.

"Ba na so ka sa hannu a abin da ba ka gani ba. Zo in kai ka asibitin birni ka ga hanyar da Vernon zai riƙa bi. Yadda zan riƙa kai shi, haka zan kai ka."

"Ai sai mu tafi a tawa, Madam Sadowski."

"Taka za ta riƙa kai shi ran Litinin?"

Kawu ya tashi da sandarsa ya kama hannun Sanata ya girgiza a hankali. "Ban zaɓe ka ba, amma ban so maka wannan ba. Kana da iyali?"

Ni aka sa a baya a matsayin shaida. Abin da na gani a dutsen nan ba zan iya faɗa duka ba. Mun fita gari da siginar hagu, motoci ashirin a bayanmu kamar rakiyar gawa. A kwana na biyu wata motar katako ta taho, Goggo ta rufe ido ta ɗauki waƙa. A na huɗu Sanata ya kama amshi. A na bakwai, inda babu shinge sai rami, ta saki sitiyari da hannu ɗaya tana nuna masa inda motar madara ta faɗa shekarar da aka yi babbar ƙanƙara.

"Yau ai rani ne, ɗana. Ka zo a Janairu ka ga yadda take zamewa, har daɗi."

Awa uku da rabi muka yi. Da muka tsaya a gaban asibitin birni, rabin mota a kan ciyawa, Sanata ya fito ya dafa bishiya ya daɗe.

"Sau nawa a mako?"

"Uku. Zuwa da dawowa shida."

"Mutum nawa ne ke wanki a Tolliver?"

"Goma sha bakwai. Amma ba duka ke da mai tuƙa su kamar Vernon ba."

Ya share gumi. "Madam Sadowski, ran Talata ƙudirin zai fito daga kwamiti, na yi alkawari. Abu ɗaya nake roƙo, ki bar ni in tuƙa a komawa."

"Haba, kai baƙo ne. Shiga ka huta."

Ran Talata ya fito. An ce Sanata ya yi jawabin da ba a taɓa jin ya yi ba, muryarsa tana rawa in ya zo kan kwana na bakwai. Aka saka sharaɗin cewa dokar za ta fara aiki nan take. Gwamna ya sa hannu saura kwana goma sha ɗaya a rufe, babban lauyan jiha ya aiko takarda a dakata. Mista Dressler da kansa ya ɓalle sanarwar daga ƙofa, yana murmushi kamar shi ya kawo shawarar. Kawu ya aiko in mayar masa da ƙugiyoyinsa.

Da kaka ta yi, kamfanin ya miƙa sunayen masu jari kamar yadda doka ta ce. Shafi goma sha huɗu. Na buga na kai wa Goggo, ta riga ta gasa na ashirin yana shan iska a taga. Ta sa tabarau tana bi da yatsa. Akwai wasu attajirai uku da suka tafiyar da abin, akwai wata jami'a, akwai wani asusu na ƙasar waje. A shafi na biyu yatsan ya tsaya.

"Gordon, karanta mini wannan."

"Asusun fansho na ma'aikatan makarantun jiha."

"Wanda ke turo mini kuɗi duk wata?"

"Shi."

Kawu ya ajiye jarida. Ya fara dariya a hankali, har ta kai ga tari, sai da na buga masa baya.

"Awa bakwai zuwa Delaware! Ashe mai asibitin tana kwana a gefena tana minshari!"

"Ni ba na minshari."

"Ranki ya daɗe, mai asibiti, talakanki yana da koke. Kek ashirin aka gasa a gidan nan, wannan ƙaton ya cinye goma sha takwas, majalisa ta ci ɗaya. Yanzu da aka gano mai shi, ko mijinta zai samu?"

Goggo ba ta yi dariya ba tukuna. Ta daɗe tana kallon takardar. Na yi mata bayani cewa rabonta a ciki bai fi ƙusa ɗaya a jikin ƙofa ba, kuma ba ita ta yanke shawarar komai ba. Ta ce ƙusa ma ai tana da mai ita. Ta tambaye ni ko masu kula da asusun suna zama, na ce duk wata uku, kuma ɗan fansho yana da damar magana. Ta tambaya ko mutane ne, masu fuska. Na ce su tara ne, har hotunansu akwai.

"Tara," ta ce, tana duban kwandon tuffa. "To tasoshina shida ne. Sai ka aro mini uku wurin matarka."

Sannan ta ɗauko wuƙa ta yanka wa kanta babban yanki, ta yanka wa Kawu wani siriri da za ka iya karanta jarida ta cikinsa. Ni ba a ba ni ba, wai na ci rabona har na jikokina.

Sashen wankin ƙoda yana nan a buɗe. Babban lauyan jiha bai yarda a rufe ba, kuma an ce masu kula da asusun fanshon sun fara yi wa kamfanin tambayoyin da ba ya so, tun bayan da su tara suka zo Tolliver ɗaya bayan ɗaya da tasa a hannu. Litinin da Laraba da Juma'a, in na biyo da jakata, ina ganin Kawu a kujerarsa ta gefen taga, yana nuna ni da hannun da ba a ɗaura wa roba ba, yana gaya wa na kusa da shi wani abu game da tumbina. Goggo kuwa takan rako shi, ta zarce ofishin Mista Dressler ta shafa saman kabad da yatsa ta nuna masa ƙura. Yanzu in ya ji takunta miƙewa yake yi. Makon jiya ta sa an canza labulen ɗakin jira.